Hanyar da Mota Ba Ta Bi: Daga Nombakélé zuwa Kurmin Mondah

Wanda ya tsaya a bakin titi a Nombakélé da hantsi zai ga kusan kowane irin abin hawa ya wuce, in ban da keke. Taksi ja-da-fari na bin juna suna farautar fasinja, ƙananan bas-bas maƙare da mutane, manyan motocin ma'aikata da gilashi a rufe, ga masu turin amalanke suna kutsawa ta tsakani da kayan kasuwar Mont-Bouët. Unguwar tsohuwa ce, a tsakiyar Libreville take, 'yar tafiyar ƙafa ce tsakaninta da bakin teku, kuma Hausawa da sauran 'yan kasuwa Musulmi na Afirka ta Yamma sun daɗe da kafa gindi a cikinta. Bahaushen da ya taso a Kano ko Maraɗi, inda har gobe mai itace da malamin allo da ɗan makaranta ke taka keke, dole abin ya ba shi mamaki. Mamakin kuwa ƙaruwa yake yi idan aka tuna cewa a wannan ƙasa ta Gabon aka fara gasar Tropicale Amissa Bongo a 2006, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan gasannin tseren keke na Afirka, cewa kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar, kuma mafi yawan hanyoyinta ba su san kwalta ba. Mai duba taswira daga nesa sai ya ce ai an gama, ga ƙasar da aka halitta domin masu yawon karkara a keke, ga birji iya ganin ido, ga motoci kaɗan. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskuren yana da amfani a bi shi a tsanake, domin yana nuna cewa hanyar da mota ba ta bi aba ce da mutane ke keɓewa su kuma tsare, rashin kwalta kaɗai ba ya samar da ita.

Wasan da ake magana a kansa, wato yawon keke a birji, sabo ne, ko da yake hawan keke a kan birji ya girmi kwalta. Keken da aka ƙera dominsa yana da lanƙwasasshen kai irin na keken tsere, sai dai tayoyinsa masu kauri ne da ƙananan haƙora, birkinsa na faranti, jikinsa kuma an bar masa wuraren ɗaura jaka da gorar ruwa. A 2006 mahaya 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka suka yi tseren mil 200 a kan hanyoyin gonaki; wannan taro shi ne ake kira Unbound Gravel a yau, dubban mutane ke zuwa. Hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a 2022 a yankin Veneto na Italiya, a Kenya kuma ana yin tseren Migration a ƙasar Masai tun 2021. Amma 'yan tsere ƙalilan ne a cikin masu sayen irin wannan keke. Mafi yawansu mutanen birni ne da suka gaji da tsoron mota, masu son su fita da 'ya'yansu ranar hutu ba tare da suna waiwayen baya duk minti guda ba. Tsakuwar ba ita suke nema ba. Sun bi ta ne saboda a ƙasashensu inda kwalta ta ƙare nan yawancin motoci ke juyawa.

Idan aka bincika asalin hanyoyin da suka yi suna a Turai da Amurka, za a tarar kusan dukkansu gadon wata sana'a ce da ta mutu. A Ingila, rahoton Richard Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban kilomitocin layin dogo. A 1979 wasu 'yan sa-kai a Bristol suka fara share tsohon layin da ya nufi Bath, suka kammala a 1986, kimanin kilomita 21, kuma daga wannan aiki ne ƙungiyar Sustrans ta girma har ta shimfiɗa hanyoyin keke a faɗin ƙasar. Sifaniya ta fara nata shirin mayar da matattun layukan dogo koren hanyoyi a 1993. A Amurka, gyaran doka na 1983 ya ba da damar a ajiye filin layin da aka daina amfani da shi a matsayin hanyar jama'a maimakon a yanyanka shi a sayar, sai kuma aka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails a 1986 domin bin kadin lamarin. Layin dogo yana da kirki ga mai keke, domin jirgi ba ya hawan tudu mai tsanani, gadojinsa kuma an gina su don ɗaukar nauyi. Duk da haka mutuwar layin ba ta isa ba, sai da aka samu takarda da mai tsaro. Muna da shaida a gida: ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos domin kwasar kuza an rufe shi a 1957, ba wanda ya keɓe shi, kuma yau sai mai bincike ne zai iya nuna maka inda ya bi.

Gabon ba ta da mataccen layin dogo irin wannan da za ta gada. Layinta guda, Transgabonais, wanda ya isa Franceville a 1986, yana nan da ransa yana jigilar ma'adinin manganis na Moanda da katako zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Hanyoyin mota kuwa duka-duka kimanin kilomita 10,000 ne, kuma wadda aka yi wa kwalta ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Libreville a kan wani yankin da ruwa ya kusa kewaye shi take zaune, teku ta yamma, mashigin kogin Komo ta kudu, fadamar itatuwan ruwan gishiri ta arewa maso gabas, saboda haka ƙofa ɗaya ce ta tudu ke fita zuwa cikin ƙasa: babbar hanya ta ɗaya, wadda ta bi ta unguwannin da ake kira da lambar kilomitarsu, PK5, PK8, PK12, ta wuce Ntoum da Kango ta nufi Lambaréné. Duk abin da birnin ke ci daga cikin ƙasa da Kamaru, da duk gungumen da zai shiga masana'antun Nkok, in dai a mota ne, ta nan yake bi. Idan aka sauka daga kwaltar aka shiga jar hanya, motoci suna raguwa, amma waɗanda suka rage su ne mafi haɗari. Gingimari ɗauke da gungumen okume uku ko huɗu ba ta iya tsayawa a gangare, kuma direbanta tsakiyar hanya yake bi domin gefen ya zaizaye. Da rani takan tayar da jar ƙura da ke rufe ido na 'yan mintoci, ganyayen bakin hanya duk sun rine ja, a cikin ƙurar nan kuma akori-kura mai ɗaukar fasinja ke tahowa a guje don kada ta ji kwarkwaɗar hanya. Da damina akan sa shingen ruwan sama a tsare manyan motoci har ƙasa ta tsane, in an buɗe sai su taho a jere, su bar ramukan taɓo da ke haɗiye taya. Mota goma a wuni a irin wannan hanya ta fi ɗari a titin da ke da gefe tsoratarwa.

Akwai kuma bambanci a yadda karkarar kanta take, wanda Bahaushe ba zai yi tsammani ba. A ƙasar Kano ko Katsina, ƙauye na hango ƙauye, kuma tsakaninsu akwai turbobi barkatai: ta kasuwa, ta rijiya, ta gona, ta fadama. Mai keke na iya tashi daga Bichi ya yini yana yawo bai taka kwalta ba sai dai ya tsallaka ta, kuma duk inda ƙaya ta huda masa taya akwai mai faci a gindin wata bishiya. Gabon faɗinta ya kai murabba'in kilomita 267,000, jama'arta ba su kai miliyan 3 ba, birnin Kano kaɗai ya fi ta mutane, kuma kusan tara cikin goma na mutanen a birane suke. Ƙauyukan da suka rage ma ba a warwatse suke ba. Turawan mulkin mallaka na Faransa sun tilasta wa mutane barin matsugunansu na cikin kurmi su dawo bakin hanya domin sauƙin karɓar haraji da ɗibar 'yan aikin tilas, gwamnatin bayan 'yanci kuma ta ci gaba da tattara ƙauyuka da sunan kawo makaranta da asibiti. Sakamakon shi ne ƙauyen Gabon layi biyu ne na gidajen katako suna fuskantar hanya ɗaya, bayan gida ayaba da rogo, bayansu kurmi. Wanda ke son ya ga mutane dole ya bi hanyar da gingimari ke bi. Wanda ya kauce mata zai sami shirun da yake nema, amma babu shago, babu rijiya, babu mai faci, sau da yawa babu ko layin waya.

To, ina hanyoyin masu katako, waɗanda hotunan tauraron ɗan'adam ke nunawa sun ratsa kurmin ko'ina? Su ne abin da ya fi kama da gadon da Turai ta samu, kuma yawansu ba wasa ba ne. Binciken da Fritz Kleinschroth da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna cewa tsawon hanyoyin da ke cikin gandayen katako na yankin kogin Kwango ya ninka tsakanin 2003 da 2018. Sai dai irin wannan hanya rayuwa biyu gare ta, kuma babu wadda ta dace da mai keke. Muddin ana sara, ta kamfani ce, akwai shinge da maigadi a bakinta, manyan motoci na kai da kawo. Da zarar an kwashe itacen da ake so aka tashi, kurmi ke karɓar abinsa. Itatuwa masu saurin girma, irin wanda Faransawa ke kira parasolier saboda ganyensa mai kama da laima, sukan tsiro a tsakiyar hanya cikin 'yan shekaru. Gadojin da aka yi da gungume sukan ruɓe su faɗa rafi. Ruwa kuma ya yanke gangare ya mayar da shi kwazazzabo. Layin dogon Ingila zai iya kwana shekara ashirin yana jiran a tuna da shi. Hanyar katako a inda ake ruwan sama na wata takwas ko tara ba ta da wannan haƙurin.

A nan ne abin da Hausawa suka sani tun kaka da kakanni yake da amfani. Burtali hanya ce da aka hana kowa nomawa domin dabbobi su wuce tsakanin gonaki, akan shinge ta da aguwa ko cini-da-zugu, kuma mai keke da mai jaki da mace mai tallan nono duk suna cin moriyarta. Ba kasafai ake zuba mata ko tsakuwa ba. Abin da ke riƙe ta shi ne yarjejeniya: dagaci ya san iyakarta, manomi ya san in ya ci ta za a kira shi, makiyayi ya san in ya fita daga cikinta zai biya ɓarna. Inda wannan yarjejeniya ta yi rauni, gonaki sun cinye burtali taku-taku, kuma kowa ya san jinin da hakan ya jawo. Jamhuriyar Nijar ta gane cewa al'ada kaɗai ba za ta iya da matsin yawan jama'a ba, shi ya sa dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 suka tanadi a shata hanyoyin dabbobi, a wurare da dama a jihar Maraɗi har da turakun siminti aka kafa. Hanyar keke marar mota ita ma haka take buƙata, a rubuta cewa daga nan zuwa can an hana wa injin, a sa alama, a naɗa wanda zai share magudanar ruwa, a kuma san wanda za a kai wa ƙara.

Wurin da ya kamata a fara bai da nisa da Nombakélé. Idan aka bi titin bakin teku aka yi arewa, aka wuce filin jirgin sama na Léon-Mba da Okala da filin wasan Angondjé inda Zambiya ta ɗauki kofin Afirka a 2012, za a shiga kurmin Mondah, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, aka kuma mayar da wani sashensa mai kimanin hekta 6,700 gandun itatuwa na Raponda Walker a 2012. An sa masa sunan André Raponda-Walker ne, limamin Katolika na farko ɗan Gabon, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1968 ya kuma rubuta babban littafi kan tsirran ƙasar masu amfani. Akwai turbobin ƙafa a cikin gandun da ke bi ta gindin manyan itatuwan okume da ozuga su ɓulla bakin teku, akwai jar hanyar da ta nufi Cap Santa Clara, a ƙarshe kuma ga Cap Estérias, garin masunta 'yan ƙabilar Benga, inda makarantar koyon aikin gandun daji ta ƙasa take. Ta gabas gandun Akanda ne, ɗaya daga cikin gandayen ƙasa 13 da shugaban ƙasar na lokacin, Omar Bongo, ya kafa a 2002 bayan tafiyar ƙafa ta kwana 455 da masanin muhalli Mike Fay ya yi cikin kurmin Kwango da Gabon. A ƙetaren ruwa, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ruwa, ga Pointe Denis da gandun Pongara, inda motoci kaɗan ne ƙwarai, ko da yake yashin wurin na wahalar da taya. Zagaye na kilomita 15 ko 20 a Mondah, wanda iyali za su gama kafin azahar, ya fi wa mutanen birni amfani a kan wata doguwar hanya ta kwana biyar a tsakiyar ƙasa da baƙi goma za su bi a shekara. Amma akwai tazarar kimanin kilomita 30 tsakanin tsakiyar gari da Cap Estérias, kuma sashen da ya bi ta filin jirgi ya yi ƙaurin suna wajen cunkoso. In ba a ware wa keke gefe mai shinge a wannan titi ba, hanyar cikin kurmin za ta zama ta waɗanda ke da motar da za su ɗora keke a bayanta kawai. Saboda haka kuɗin farko a cikin gari ya kamata a kashe shi, a kan kwalta, komai rashin daɗin faɗin haka ga masu son birji.

Za a ce wannan duk wasan masu ƙoshi ne, mutumin ƙauye kwalta yake roƙo, kuma abin kunya ne a yaba wa birjin da ke hana mai naƙuda isa asibiti. Rabin maganar gaskiya ne, kuma a karɓe shi ba tare da gardama ba: duk hanyar da ita kaɗai ce ke haɗa ƙauye da gari, a yi mata kwalta, kada wani ya hana don baƙi su ɗauki hoto. Hanyar da ake magana a kanta wata ce daban, mai faɗin mita biyu, a inda mota ba ta da dalilin shiga. Sauran rabin maganar kuwa ya manta da wanda ke ɗaukar kaya a karkarar Gabon. Mata ne, da dogon kwando a baya da igiyarsa, cike da rogo ko ayaba ko itacen girki, suna tahowa daga gonar da ke da nisan kilomita da dama daga bakin hanya, domin ƙasar kusa da gida ta gaji. Ƙasar da ke shigo da mafi yawan abincinta daga waje tana barin amfanin gona ya lalace a kurmi saboda babu abin fito da shi. Keke mai ƙarfi irin Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ke rarrabawa a gabashi da kudancin Afirka, kariyarsa na ɗaukar kilo 100. Turbar da aka daidaita aka yi wa gada domin mai yawon hutu ranar Lahadi, ita ce manomiya za ta bi sauran kwana shida. Ruwanda ta buɗe hanyar Congo Nile a gefen tafkin Kivu a 2011, kilomita 227, kuma ko da yake ba dukkanta ce aka hana wa mota ba, ta nuna cewa mai keke a ƙauye yake cin abinci, a ƙauye yake kwana, ɗan ƙauye yake ɗauka ja-gora. Mai motar daji da sanyi a ciki wucewa yake yi da guzurinsa.

Batun yanayi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gaskiya ne Libreville na samun ruwan sama kusan milimita 2,900 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Amma daga Yuni zuwa Satumba ruwa na ɗaukewa, gari ya yi lumshi, rana ta ɓuya bayan gajimare, zafi ya sauka, kuma lokacin ya zo daidai da hutun makaranta. Sauran watannin aikin magudana ne: marmara da aka daddale aka yi wa doro tana tsanewa cikin awoyi, muddin taya mai nauyi ba ta tattake ta tana jiƙe ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi na masu kare daji ne, kuma bai kamata a yi masa amsar wucewa ba. A kurmin Afirka ta Tsakiya hanya ita ce ƙofar mafarauci. Gabon ce ke riƙe da mafi yawan giwayen kurmi da suka rage a duniya, an ƙiyasta su kimanin 95,000 a 2021, kuma gandun Minkébé kaɗai ya yi asarar sama da 25,000 tsakanin 2004 da 2014 a hannun masu neman haure. Shi ya sa ƙa'idar saran katako mai kyau ke cewa a toshe hanya a karya gada bayan an tashi. Wanda ya ce a bar irin waɗannan hanyoyi a buɗe domin keke yana neman a warware abin da aka sha wuya kafin a ɗaure. A tsakiyar kurmi masu wannan ƙorafi ne ke da gaskiya, a bar hanyoyin su mutu. Amma Mondah ba Minkébé ba ce. Abin da ke cin kurmin bakin birni shi ne masu haƙar yashi, masu ƙona gawayi da masu yanka filaye, domin Libreville ta arewa take faɗaɗa, har aka kafa ƙaramar hukumar Akanda a 2013. Irin wannan ɓarna a ɓoye take son aiki. Kurmin da mutum ɗari ke ratsawa duk mako, ciki har da lauya da ɗan jarida da malamin makaranta, yana da masu ganin tifar yashi su yi magana, kuma yana da masu jin haushi ranar da aka ce an ba wani filin. Matsalar da ba ta da amsa mai sauƙi ita ce babur. Turaku a bakin hanya na tare mota, amma duk ratar da keke mai kaya zai wuce babur ma zai wuce. Libreville ba ta cika da babura kamar Kano ko Duwala ba, wannan sa'a ce, sai dai ba a gina tsari a kan sa'a, dole a sa mutum a ƙofa, a kuma biya shi albashinsa a kan kari.

Game da kuɗi, ƙasar ta riga ta nuna tana iya kashewa a kan keke idan ta ga dama. Gasar Tropicale, wadda aka sa wa sunan 'yar Omar Bongo, ta kawo ƙwararrun Turai kusan kowace shekara, an rufe musu tituna, an ɗauke su a jirgin sama daga lardi zuwa lardi. Ta yi wa Afirka amfani: Natnael Berhane na Iritiriya ya lashe ta a 2014, Joseph Areruya na Ruwanda a 2018, kuma a nan Biniam Girmay ya ci zango yana ɗan shekara 18 a 2019, shi da ya zo ya ɗauki koriyar riga a Tour de France a 2024. Ba a taɓa samun ɗan Gabon da ya lashe ta ba, kuma ba abin mamaki ba ne. A Asmara da Kigali da Wagadugu keke abin zuwa aiki ne da ɗaukar kaya, zakara daga cikin dubban yaran da suka taso a kan sirdi yake fitowa. Yaron Nombakélé da uwarsa ke hana shi fita titi da keke, kuma tana da hujja, ba zai zama Girmay ba don ya tsaya a bakin teku ya ga ayarin 'yan tsere sun wuce sau ɗaya a shekara. Titin da ake iya rufewa na awa huɗu domin baƙi ana iya rufe gefensa duk safiyar Lahadi domin 'yan gari, kamar yadda birnin Bogota na Kolombiya ke yi tun shekarun 1970, Kigali ma ta ɗauka a wasu ranakun Lahadi tun 2016.

Saura kayan aiki, kuma a nan 'yan kasuwar unguwa irin Nombakélé suna da abin yi wanda gwamnati ba za ta yi ba. Keken birji na Turai kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikaci, gyaransa kuma na buƙatar kayan da sai an yi oda. Abin da zai yi aiki shi ne keke mai sauƙi mai kaurin taya, na hannu ko sabo, da shagon da ke ajiye tiyub da sarƙa da robar birki da waya, da bakaniken da ya san cewa iskar teku na cinye ƙarfe cikin damina guda in ba a shafa mai ba. Hausawan Gabon, na Libreville da na Oyem da Bitam kusa da iyakar Kamaru, sun san hanyar shigo da kaya, kuma sana'ar hayar keke da awa tsohuwa ce a garuruwanmu, yara da yawa da ita suka koyi hawa. Amma ba ɗan kasuwar da zai zuba jari a keke hamsin na haya kafin ya ga inda za a hau su. Zagayen farko a Mondah zai ratsa ƙasar da hukumar gandayen ƙasa ke kula da ita, da wadda ke hannun ma'aikatar ruwa da dazuzzuka, da ta ƙaramar hukumar Akanda, da wuraren da Benga ke ɗauka gadon kakanninsu ne, gefen titin da zai kai mutum can daga tsakiyar gari kuma aikin ma'aikatar ayyuka ne da hukumar birnin Libreville. Hannu shida ke nan da za su sa a takarda ɗaya, kuma na mutanen Cap Estérias ya kamata a fara nema, domin su ne za su zauna da hanyar bayan an gama bikin buɗewa.